Kayan Aro da Wa'adinsu a Cikin Na'ura

Duk wanda ya taɓa zama tare da samarin nan masu koyon sana'ar shirya manhajar kwamfuta, musamman waɗanda suka ɗauki harshen da ake kira Rust, da wuya ya tashi bai ji ɗayansu ya ja tsaki ba, yana kukan cewa ya rubuta abin da ya haƙiƙance daidai ne, ya duba ya sake dubawa, amma duk da haka na'ura ta ƙi karɓa, ta mayar masa da aikinsa tare da wata gajeruwar hujja da Turanci, wadda in an juya ta zuwa Hausa ma'anarta ita ce, mai yiwuwa ne nau'in nan da ka sa wa suna T ba zai yi tsawon rai gwargwadon abin da ake bukata ba. Wannan hukunci yana da lamba, E0310, yana kuma da ɗan'uwa shaƙiƙi mai lamba E0309. Na ga wani ɗalibi mai hazaƙa, wanda lissafi ba ya ba shi tsoro, ya kwana biyu a kan wannan jumla guda, har ya zo mini yana cewa, "Malam, yaya za a ce abu ba zai yi tsawon rai ba, alhali kuwa ga shi a hannuna, ni na ƙirƙire shi, ban kuma jefar da shi ba?" Tambayar tasa ta cancanci amsa a tsanake, domin a ƙarƙashinta akwai wata mas'ala da ta shafi tsaron wayar da ke aljihun kowannenmu, ko da mai ita bai taɓa jin sunan Rust ba.

Sai mu fara da wanda ya yanke hukuncin. Kwamfuta ba ta jin kowane harshe in ba na lambobi ba, mutum kuwa ba ya iya rubuta dogon zance da lambobi tsura ba tare da kansa ya ɗaure ba. Saboda haka aka ƙago harsunan da ɗan Adam zai iya rubutu da su, aka kuma ƙago wata manhaja da ake kira kwamfaila, wadda aikinta irin na tafinta ne, ta karɓi abin da mutum ya rubuta ta juya shi zuwa abin da na'ura za ta aiwatar. Tafintan wasu harsuna, muddin nahawun jumla ya tsaya, zai fassara ta ko da abin da ta ƙunsa ɓarna ne. Na Rust kuwa, wanda sunansa rustc, ya haɗa tafintanci da alƙalanci, ba ya fassara kome sai ya yi bincike ya gamsu, in kuwa bai gamsu ba ko baƙi ɗaya ba zai wuce ba.

Babban abin da yake bincike a kai shi ne ma'ajiyar na'ura, wato wurin da manhaja ke zuba bayanan da take aiki da su a lokacin da take gudana. A ɗauke ta kamar wata makekiyar kasuwa mai rumfuna biliyoyi, kowace rumfa da lambarta. In manhaja tana son ajiye suna, ko hoto, ko saƙo, sai ta karɓi rumfa ta zuba, in ta gama ta mayar domin a ba wani. Da yake kuma kwasar kaya daga wannan rumfa zuwa waccan aiki ne mai cin lokaci, sassan manhaja ba safai suke miƙa wa juna kayan da kansu ba, sai dai wannan ya ba wancan lambar rumfa ya ce je ka wuri kaza ka duba. Wannan lamba ita za mu kira manuni. To, a nan fa musiba take ɓuya: in an kwashe kayan, an mayar da rumfa, har an ba wani ya zuba nasa, alhali wani sashe na manhajar yana nan riƙe da tsohuwar lamba, to sa'ad da ya bi ta zai tarar da abin da ba shi aka bar masa ba, kuma ba zai gane ba, domin na'ura ba ta bambance hatsi da tsakuwa, duk lambobi ne a wurinta. In an yi sa'a, manhajar ta faɗi nan take. In ba a yi ba, masu kutse da suka san inda irin wannan ɓaraka take su ne za su riga kowa zuba abin da suke so a rumfar da aka saki, manhajar ta ɗauka da hannunta ta aiwatar da umarninsu.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan abu ne da ke aukuwa jefi-jefi. A shekarar 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na ɓarakar tsaro da yake toshewa kowace shekara a manhajojinsa daga kuskuren sarrafa ma'ajiya suke fitowa. A shekarar 2020 masu kula da Chromium, tushen burauzar Chrome, suka bi diddigin manyan kurakurai 912 da aka samu tun daga 2015, suka tarar da kusan wannan kaso ɗin dai, kuma kimanin rabinsa daga bin manuni ne bayan an saki rumfarsa. A 2019 ɗin ma an gano wata ɓaraka a WhatsApp na Android, wadda asalinta shi ne sakin rumfa ɗaya sau biyu yayin buɗe hoton GIF, kafin a toshe ta. Waɗanda suka rubuta waɗannan manhajoji gwanaye ne na gaske, kuma wannan shi ya sa lamarin ya zama abin tsoro, domin ya nuna cewa tsantseni da ƙwarewa kaɗai ba su isa ba in layukan umarni sun kai miliyoyi, hannaye kuma sun kai dubbai.

Kafin Rust, hanya biyu ce ta shahara. Ta farko ita ce ta harshen C, wanda Dennis Ritchie ya samar a Bell Labs na Amurka a farkon shekarun 1970, da ƙaninsa C++ na Bjarne Stroustrup: an danƙa wa mai rubutu amana gaba ɗaya, shi zai karɓi rumfa, shi zai mayar, shi zai tuna wa ke riƙe da lambar me. Akwai sauri ƙwarai a wannan hanya, akwai kuma haɗarin da muka ambata. Ta biyu ita ce wadda John McCarthy ya buɗe wa harshen Lisp wajen 1959, Java da Python da wasu suka bi, wato a sa wani mai shara a cikin manhajar, yana zagayawa lokaci-lokaci, duk rumfar da ya ga ba mai riƙe da lambarta ya share ta ya mayar. Wannan ya hutar da mai rubutu, amma mai shara yana cin nasa rabon na lokaci da na ma'ajiya, wani sa'in ma sai ya tsayar da aiki kafin ya gama. Ga mafi yawan manhajoji wannan farashi ne mai sauƙi. Amma akwai wani aji na manhajojin tushe, waɗanda kome ke zaune a kansu, irin su zuciyar tsarin da ke tafiyar da waya, da manhajar da ke magana da kyamara ko da na'urar sadarwa, da injin burauza, da ƙananan na'urorin cikin mota, waɗanda ba su da halin jiran kowa. Su kam sun daɗe ba su da wata mafita sai C da C++.

Graydon Hoare, wani ma'aikacin Mozilla, ya fara Rust a matsayin aikin kansa a 2006, kamfanin ya rungumi aikin a 2009, aka kuma fitar da fitowa ta 1.0 ran 15 ga Mayu, 2015. Tunanin da ya zama ginshiƙinsa bai faɗo daga sama ba, ya ci gadon binciken Mads Tofte da Jean-Pierre Talpin na shekarun 1990 a kan rarraba ma'ajiya yanki-yanki, da kuma harshen Cyclone da aka gwada a AT&T da Jami'ar Cornell a farkon shekarun 2000. Manufar ita ce a yi lissafin nan duka tun a wurin tafinta, kafin manhaja ta taɓa gudana, ta yadda ba a bukatar mai shara, ba a kuma dogara ga tunawar ɗan Adam ba.

Ƙa'idojin da aka kafa, duk wanda ya yi karatun fiƙihu ko da na Risala ne, inda aka jera hukunce-hukuncen hubusi da jingina da aro da ajiya a babi guda, ba zai ji su baƙi a kunnensa ba. Kowane abu a cikin manhaja yana da mai shi guda ɗaya, sa'ad da mai shi ya gama zamansa ya fita, sai a saki rumfar. Mai abu yana iya miƙa mallakar ga wani, in ya yi haka ya fita daga hakkinta. Yana kuma iya ba da aro, aron kuwa iri biyu ne: ko dai mutane da yawa su ara don su duba kawai, ko kuma mutum ɗaya tak ya ara don ya sauya wani abu a ciki, ba a haɗa biyun a lokaci guda, kamar dai littafin da jama'a za su iya taruwa su karanta, amma in za a yi masa gyara sai kowa ya janye hannu. Sa'an nan ga uwar ƙa'idojin duka, wadda ita ce maganarmu: aro ba ya wuce zaman mai abin. Wanda ya ari jaki na kwana uku ba shi da ikon ya ba wani aronsa na kwana bakwai. Abin lura ne cewa ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da ambaton wa'adinsa ta sauka. Su ma masu Rust, ta hanyar tasu ta injiniyanci da kuma bayan asara mai yawa a sana'arsu, sun iske cewa aron da ba a rubuta wa'adinsa ba shi ne mafarin husuma.

Yadda ake rubuta wa'adin kuwa shi ne da ƙaramin baƙi da 'yar alama a gabansa, kamar 'a ko 'b. Wannan ba adadin daƙiƙa ba ne, suna ne kurum da ake sa wa wani tsawon zama domin a iya kwatanta shi da wani. A mafi yawan wurare ba a ma bukatar rubuta shi, domin in wani aiki, wato sashen umarni da aka ba suna don a riƙa kiransa, ya karɓi aro ɗaya ya mayar da aro ɗaya, kwamfaila da kansa zai ɗauka wa'adinsu ɗaya ne. Amma in aiki ya karɓi sunaye biyu na aro ya ce zai mayar da wanda ya fi tsawo, to dole mai rubutu ya bayyana a goshin aikin da wa'adin wa aka ɗaure abin da za a mayar, in ba haka ba ya gamu da E0106. Bayan an gama bincike kuma, duk waɗannan alamomi share su ake yi, ba abin da ke shiga cikin manhajar da aka fassara, saboda haka ba su rage mata sauri ko na ƙiftawar ido.

Har zuwa nan ɗalibai ba su cika wahala ba. Inda tafiya ke tsayawa shi ne inda wa'adi ya haɗu da T. Mene ne T? Mai shirya manhaja sau da yawa yana son ya rubuta aiki ɗaya da zai yi amfani ga kowane irin kaya, misali jerin da zai iya ɗaukar lambobi, ko sunaye, ko hotuna, ba tare da ya rubuta shi sau uku ba. Sai ya bar gurbin nau'in a buɗe ya sa masa baƙin T, daidai da yadda Bahaushe ke cewa "wane" in bai son ambaton suna, ko yadda malaman nahawu ke kawo Zaidu da Amru a misali. T wane ne: kowa na iya zuwa ya zauna a gurbinsa.

Yanzu sai mai karatu ya ƙaddara cewa shi mai ajiya ne a bakin kasuwa, ya kafa doka cewa duk wanda ya kawo ƙunshi zai karɓa ya ajiye ba tare da ya kwance ba. Wani ya kawo masa ƙunshi, ya ce na ba ka shi kyauta, naka ne. Ƙunshin ya zama nasa, ba mai musu. Amma me ke ciki? Mai yiwuwa goro ne wanda mai kawowa ya saya da kuɗinsa, ya kuma bayar da shi duka. Mai yiwuwa kuma 'yar takarda ce kawai mai ɗauke da lambar rumfar wani, wanda gobe da safe zai kwashe kayansa ya tafi. A hali na biyu mai ajiya ya mallaki zanen da takardar, amma abin da takardar ke nunawa aro ne, kuma agogonsa yana tafiya. Wannan ita ce amsar tambayar ɗalibin nan. Gaskiya ne T yana hannunsa, amma T na iya zama manuni, ko wani tsari da ya ƙunshi manuni a can cikin cikinsa, kuma sa'ad da kwamfaila ya ce mai yiwuwa T ba zai yi tsawon rai ba, abin da ke cikin ƙunshin yake nufi. Maganinsa shi ne sharaɗi, wanda ake rubutawa T: 'a, ma'anarsa kuwa, na yarda kowane wane ya zo, amma duk aron da ke cikinsa sai wa'adinsa ya kai 'a ko ya zarce.

Mai tambaya zai ce, to ai ni lambobi kaɗai nake niyyar sawa a gurbin T, lamba kuwa ba ta ƙunshi aron kowa ba, don me za a hana ni saboda abin da ban yi ba? Wannan tambaya ce mai ƙarfi, amsarta kuma ita ce, a ganina, mafi kyawun hikima a cikin harshen baki ɗaya. Rust yana yanke wa aiki hukunci ne a ranar da aka rubuta shi, bisa abin da aka bayyana a goshinsa, ba ya jiran ya ga wa zai zo ya kira shi, ba ya kuma duba niyya. C++ ya bi wata hanya dabam, yana jinkirta mafi yawan binciken irin wannan aiki har sai an zo da takamaiman nau'i, shi ya sa kuskure kan fashe a hannun mai amfani, nesa da inda aka haife shi, da bayani mai tsawon shafuka. Alhali kuwa aikin da mutum ya rubuta yau, in ya sa shi a rumbun crates.io inda kayan aikin Rust suka haura dubu 100, wani da bai taɓa gani ba a wata nahiya zai ɗauka bayan shekara biyar ya zuba masa abin da bai taɓa zato ba. Wanda ya rubuta T ya yi alkawari ne ga dukan waɗanda za su zo, waɗanda ya sani da waɗanda bai sani ba, kuma alƙalin yana tambayarsa ne ko zai iya cika shi ga mafi wuyarsu.

Wurare biyu ne aka fi cin karo da E0310. Ɗaya shi ne in mutum ya karɓi T ya sa shi a cikin akwatin da ake kira Box, ya ɓoye ainihin nau'insa ya bar sifarsa kaɗai, sa'an nan ya mayar da akwatin. In bai ambaci wa'adi ba, harshen zai ɗauka akwatin ba shi da iyakar zama, sai ya nemi tabbacin cewa abin da ke ciki ma haka yake. Ɗayan kuma, wanda shi ya kama ɗalibina, shi ne sa'ad da aka tayar da zaren aiki na biyu, wato ɗan aike da zai riƙa gudana a gefe yayin da babban aiki ke ci gaba. Ɗan aiken da aka tayar da thread::spawn ba a ɗaure yake da wanda ya aike shi ba, mai aike na iya gamawa ya tafi, a saki dukan rumfunansa, shi kuwa ɗan aike yana can yana aiki. Saboda haka aka sharɗanta cewa duk abin da za a ba shi sai ya cika 'static.

Wannan kalma ta 'static ta ruɗar da mutane fiye da kowace a cikin harshen, domin da yawa suna ɗauka T: 'static na nufin abin zai zauna har ƙarshen manhaja yana cinye ma'ajiya. Ba haka ba ne. Ma'anarsa ita ce ba bashin kowa a kansa: ko dai ya mallaki duk abin da ke cikinsa, ko kuma in akwai aro, to daga abin da ba ya gushewa ne muddin manhaja na gudana, kamar rubutun da aka dasa a jikin manhajar tun ranar fassara, wanda ya yi kama da rijiyar wakafi da kowa ke ɗiba ba mai zuwa ya ce a mayar masa. Sunan da aka ƙirƙira yanzu, ya mallaki baƙaƙensa, aka kuma jefar da shi bayan layi biyu, ya cika sharaɗin 'static sarai. Ana iya riƙe shi har abada in an so, ba a ce dole a riƙe ba.

A nan ina da ƙorafi, kuma ba zan ɓoye shi ba. Sa'ad da E0310 ya fito, kwamfaila yakan ba da shawara a ƙasa cewa a gwada ƙara 'static, mai koyo kuwa da ya gaji sai ya ƙara, jan rubutu ya ɓace, ya yi hamdala. Wani lokaci wannan shi ne daidai. Amma sau da yawa abin da ya yi shi ne ya rufe ƙofa ga duk mai ɗauke da aro, ya mayar da aikin da ya yi niyyar ya zama na kowa ya koma na masu mallaka kaɗai, sa'an nan matsalar ta tashi daga nan ta koma wurin mai kira, ta fito da sabuwar lamba, E0597, tana cewa abin da aka ara bai yi tsawon zama ba. Daga nan sai a shiga kwafar kaya ba gaira ba dalili don a tsere wa aro, saurin da aka zo nema ya fara zubewa. Shawarar kwamfaila tana gaya wa mutum abin da zai sa jumlar ta wuce ne, ba ta san abin da yake son ginawa ba. A mas'alar akwati, alal misali, sau da yawa abin da ya fi shi ne a sa wa akwatin wa'adi 'a, a kuma ce T: 'a, ta yadda mai aro da mai mallaka duk za su iya shiga, kowa ya zauna gwargwadon wa'adinsa.

Mas'alar ɗan aike kuwa tana da tarihi mai koyarwa. Kafin fitowa ta 1.0 akwai wata hanya a cikin harshen ta tayar da ɗan aike a ba shi kayan aro, wadda ta dogara ga wani mai gadi da aka zaci dole zai tsaya ya jira ɗan aiken ya dawo kafin a saki kayan. A watan Afrilu na 2015, saura 'yan makonni a fitar da harshen, aka gano cewa ana iya ɓatar da mai gadin ta halastacciyar hanya, ɗan aike ya ci gaba da bin manunin rumfar da aka riga aka saki. Masu Rust suka janye hanyar, ko da yake mutane na son ta, ba ta kuma dawo cikin ainihin kayan harshen ba sai a fitowa ta 1.63, a watan Agusta na 2022, da sabon gini mai suna thread::scope, wanda ke shata da'ira ya hana mai aike fita daga cikinta sai dukan 'yan aikensa sun dawo. Shekara bakwai ke nan, a tsakani masu bukata suna dogara ga kayan aikin waje irin su crossbeam.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa alƙalin nan yakan ƙi abin da a haƙiƙa ba laifi a cikinsa. Dalilin yana da zurfi: tun daga aikin Alan Turing na 1936 da abin da aka gina a kansa, masana sun san cewa babu wata hanyar lissafi da za ta duba kowace manhaja ta faɗi daidai duk abin da za ta aikata. Saboda haka mai bincike dole ya karkata gefe ɗaya, ko ya bar wasu masu laifi su wuce, ko ya tsare wasu marasa laifi. Rust ya zaɓi na biyu, ya ɗora nauyin kawo hujja a kan mai rubutu. Amma ana ta rage yawan waɗanda ake tsarewa ba da hakki ba. A fitowa ta 1.30, cikin Oktoba 2018, aka daina tilasta rubuta T: 'a a kan tsarin da ya ƙunshi manuni zuwa T, tun da abu ne da kwamfaila zai iya fahimta da kansa. Ran 6 ga Disamba na wannan shekara, a fitowa ta 1.31, aka shigo da sabon lissafin aro wanda Niko Matsakis ya jagoranci tsara shi: da can ana ƙirga aro har zuwa ƙarshen sashen da aka yi shi ko da mai aron ya daɗe da gamawa, yanzu kuwa yana ƙarewa ne a amfani na ƙarshe. Ga wanda kuma ya tabbata ya san abin da alƙali bai sani ba, akwai ƙofa mai suna unsafe, inda aka ba shi damar taɓa manuni tsirara a kan ya ɗauki alhakin da kansa, wurin kuma yana da alama, duk mai bita ya san inda zai zuba ido.

Ko wannan wahala ta biya? Google ya fara karɓar Rust a cikin tushen Android a 2021, ya kuma bayyana a 2024 cewa kason ɓarakar ma'ajiya a cikin dukan ɓarakar Android ya sauko daga kashi 76 cikin 100 a 2019 zuwa kashi 24, saboda an mayar da sabon rubutu zuwa harsunan da ke kiyaye ma'ajiya, Rust da waninsa, ba tare da an rushe tsohon gini ba. Linux, ɗaya daga cikin manhajojin tushen nan, ya buɗe wa Rust ƙofa a fitowarsa ta 6.1 cikin Disamba 2022, bayan shekara talatin da C ke riƙe da wurin kusan shi kaɗai, a watan Fabrairu na 2024 kuma ofishin tsaron intanet na fadar shugaban Amurka ya fitar da rahoto yana kira ga masu sana'ar da su koma ga irin waɗannan harsuna. Mu da yawancin wayoyinmu na Android ne, muke kuma aika kuɗi da su, muna cikin masu cin wannan moriya kai tsaye.

Shi kuwa ɗalibin, da muka zauna, na sa shi ya buga rustc --explain E0310 ya karanta bayanin a hankali, sa'an nan muka kwance ƙunshinsa. Aikin nasa yana karɓar kowane irin T ya miƙa wa ɗan aike ya buga shi. Ya ƙara 'static kamar yadda aka ba shi shawara, sai kuskuren ya koma wurin kira, domin abin da yake miƙawa manuni ne zuwa wani dogon jerin sunaye da babban aikin ya mallaka. Hanya biyu ce a gabansa: ya kwafi jerin gaba ɗaya ya ba ɗan aike ya zama nasa, ko ya shata da'ira ya yarda babban aikin ya tsaya jira. Ya auna girman jerin, ya ga kwafarsa a kowane kira asara ce, jiran kuwa ba zai cuce shi ba tun da dama ba shi da abin yi sai sakamakon ya fito. Ya goge 'static, ya mayar da thread::spawn zuwa thread::scope, gyaran duka bai wuce layi huɗu ba, ya sake miƙa wa kwamfaila, ta wuce.